Kuzarin da Hannu Ke Ci da Yadda Ake Auna Gajiyarsa: Tambayoyi da Amsoshi

Ni malamin motsa jiki ne a nan Zinder. Da safe ina tare da ɗalibai, da la'asar kuma nakan leƙa rumfar da samarin unguwarmu suke ɗaga ƙarfe, inda kayan aikin su ne gwangwanayen da aka cika da siminti aka soka musu bututu, da tsofaffin ƙarafan mota. Yawancin tambayoyin nan a can aka yi mini su. Wasu daga ɗalibai suka fito, ɗaya daga wata yayata, ɗaya kuma daga wani dattijo mai keken guragu da muke zama a fada ɗaya. Na tara su ne saboda na lura mutane suna haɗa abu biyu wuri guda, yawan kuzarin da jiki ya kashe da yawan gajiyar da hannu ya yi, alhali kowanne da nasa ma'aunin.

Malam, in ina ɗaga ƙarfe, daga ina damtsena ke samun kuzarin?

Tsoka kuɗi iri ɗaya take karɓa, wani sinadari da masana ke kira ATP. Wanda ke ajiye cikinta ba shi da yawa, daƙiƙa biyu ko uku na aiki da iyakacin ƙarfi sun cinye shi, don haka dole a riƙa sabunta shi ana cikin aikin. Hanyoyin sabuntawar uku ne.

Ta farko kamar kuɗin aljihu ce. Akwai wani sinadari mai suna fosfokiriyatin a cikin tsokar, nan take yake biya, amma wajen daƙiƙa 10 na aiki mai tsanani ya kusa ƙarewa. Shi ke ɗauke da kai lokacin da ka sunkuci abokin kokowa ko ka ture ƙarfe mafi nauyi sau biyu ko uku. Ta biyu ita ce fasa sukarin da tsoka ta adana, gilikojen, cikin gaggawa ba tare da jiran iska ba. Ita ke riƙe aiki daga daƙiƙa 10 zuwa wajen minti ɗaya ko biyu, kuma a nan ne hannu ke fara zafi. Ta uku ita ce rumbu: ƙona sukari da kitse da iskar oksijin da jini ke kawowa. Ba ta da sauri, amma ba ta ƙarewa da wuri, da ita mai jan guga ke wuni a bakin rijiya. Duka ukun tare suke aiki, sai dai wata ta fi wata rinjaye gwargwadon nauyin aikin da tsawonsa.

To, ta yaya ake auna kuzarin da aka kashe?

Ta numfashi. Duk abin da jiki ya ƙona, daga ƙarshe da oksijin ake biyansa, kuma lita ɗaya ta oksijin tana daidai da kalori 5 ko kusa da haka. In ka san litar da mutum ya sha a minti, ka san abin da ya kashe. A 1911 wani masani a Oksfod ta Ingila, Claude Douglas, ya fito da wata babbar jaka da mutum ke fitar da numfashinsa a ciki, daga baya a auna yawan iskar da abin da ya rage na oksijin a cikinta. Har yau da sunansa ake kiran jakar, kuma da ita ake gwada ingancin sababbin na'urori. Na yanzu abin rufe hanci da baki ne da aka jona da kwamfuta, yana lissafa kowane numfashi.

Don aikin hannu, akwai keke na musamman da aka kafe a kan tebur, mutum ya zauna yana juya fedarsa da hannu biyu. Ana ƙara masa tauri kaɗan-kaɗan, ana rubuta aikin da wat, wato ma'aunin ƙarfin aiki, ana rubuta oksijin da bugun zuciya, har sai ya kasa riƙe saurin juyin. Mutumin da ke zaune ba ya komai yana shan wajen mililita 3.5 na oksijin a kowane kilo na nauyinsa a minti, wannan shi ake kira MET ɗaya. Aikin da ya ninka haka sau huɗu, MET 4 ke nan.

Abin lura shi ne, wannan awon na jiki duka ne. Bai ware damtse daga ƙirji ko baya ba. Ana cire abin da mutum ke ci yana hutawa, abin da ya rage a ɗora wa aikin.

Me ya sa nake iya tafiya daga Birni har Zango in dawo ban ji komai ba, amma minti biyar na aikin hannu sai in ji kamar zan faɗi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don amsarta ce ginshiƙin duk sauran. Tsokokin hannu da kafaɗa ƙanana ne in ka gwada su da na cinya da ɗuwawu, kuma tun kana rarrafe ƙafa ce ke ɗauke da kai kullum, ta saba da dogon aiki. In an gwada mutumin da bai horar da hannunsa ba, iyakar oksijin da zai iya sha a keken hannu yakan tsaya wajen kashi 70 cikin 100 na abin da zai sha a keken ƙafa. Ma'ana, hannun ke sarewa tun zuciya da huhu ba su kai iyakarsu ba. Waɗanda suka daɗe suna aikin hannu, kamar masu tuƙa kwale-kwale, sukan rage wannan tazarar sosai.

Ga kuma wani abu da ke ba ɗalibaina mamaki. In ka ba mutum aiki daidai wa daida, a ce wat 50 da hannu, wat 50 da ƙafa, na hannun ya fi cin oksijin, bugun zuciya ya fi hawa, awon jini ma ya fi tashi. Dalilan suna da yawa. Kafin hannu ya tura wani abu, sai tsokokin baya da ciki da wuya sun ɗaure sun riƙe gangar jiki, wannan riƙon yana cin kuzari ba tare da ya juya fedar ba. Yatsu suna damƙe, damƙar kuma tana matse jijiyoyin jini. Sannan ƙafafu suna zaune shiru, ba sa taimakawa wajen tura jini ya koma zuciya kamar yadda suke yi in ana tafiya. In aikin sama da kai ne, kamar yaɓen rufin ɗaki ko jera buhuna a kan babbar mota, abin ya ƙara tsanani, domin sai zuciya ta tura jini ya hau tudu.

Shi ya sa nake gargaɗin dattawa masu hawan jini ko ciwon zuciya. Mutum zai ce ai ina tafiya kasuwar Dole da ƙafa lafiya lau, sai ya ɗauki shebur ko ya hau jan ruwa, nan ne ƙirji ke riƙewa.

Za a iya lissafa abin da mai jan ruwa ke kashewa ba da na'ura ba?

Za a iya kusanta. Mu a Damagaram ba sai an ba mu labarin wahalar ruwa ba, don haka mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Guga mai lita 10, nauyin ruwansa kilo 10. Rijiya mai zurfin mita 20, wajen gaba 11 ke nan. Aikin da aka yi shi ne nauyi sau 9.8 (ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi) sau tsawo: 10 sau 9.8 sau 20, ya ba da jul 1,960, jul kuwa ma'aunin kuzari ne. Kalori ɗaya irin na abinci jul 4,184 ne, don haka aikin da ya isa ga gugan bai kai rabin kalori ba.

Amma jiki ba ya mayar da duk abin da ya ƙona ya zama aiki. Ko a keken ƙafa, inda ya fi iyawa, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne ke zama aiki, saura zafi ne da ke fita da gumi. A aikin hannu abin bai kai haka ba. Mu ƙaddara cewa a jan igiya, da sunkuyo da damƙa da sauya hannu, ɗaya cikin goma ne ke isa ga gugan. Kowane guga ya ci kalori 5 ke nan, guga 40 kuma kalori 200. Gram 100 na busasshen gero yana da kalori tsakanin 350 da 380. Wato duk wannan jan, da tafin hannu ya yi kanta, da sangalin hannu ya ɗaure har yatsu ba sa miƙewa, abin da ya ci bai kai gram 60 na gero ba.

Ranar da na yi wannan lissafin a allo, wani ɗalibi da ke taya mahaifinsa ban ruwa a lambu ya ce, "Malam, wallahi lissafin nan bai san igiya ba." Gaskiya ya faɗa. Lissafin kalori yana gaya maka abincin da aikin ya ci, ba ya gaya maka halin da sangalin hannu ke ciki. Ƙaramar tsoka tana iya sarewa ƙwarai alhali jiki gaba ɗaya bai kashe abin kirki ba. Don haka gajiya tana buƙatar awonta daban.

Mece ce gajiya a wurin masu awo? Ba ji kawai ake yi ba?

A wurinsu, gajiya ita ce raguwar ƙarfin da tsoka ke iya fitarwa saboda aikin da ta yi, wanda ke dawowa in an huta. Tana farawa tun kafin ka kasa. A ƙarshen ƙarni na 19 wani likita a birnin Turin na Italiya, Angelo Mosso, ya ƙera wata na'ura da ake ɗaure hannun mutum a kai, yatsan tsakiya ya riƙa jan wani ɗan nauyi da igiya, alƙalami yana zana tsawon kowane ja a kan takarda mai juyawa. Layukan sukan fara da tsayi, su riƙa gajarta har su ɓace. Ya kuma lura kowane mutum da irin yadda nasa zanen ke sauka.

Yau hanya mafi sauƙi ita ce ma'aunin damƙa, wanda aka fi sani da samfurin Jamar. Ka zauna, gwiwar hannu a lanƙwashe a jikin haƙarƙari, ka matsa iya ƙarfinka, allura ta nuna kilo. A auna kafin aiki, a auna nan take bayan aiki. In 46 ne ya koma 35, ka rasa kusan kashi 24 cikin 100. Akwai kuma gwajin Wingate, da aka fito da shi a wata cibiyar wasanni ta Isra'ila a shekarun 1970, ana yin sa da ƙafa ana yin sa da hannu: daƙiƙa 30 na juya feda da iyakacin ƙarfi, sai a duba tazarar da ke tsakanin ƙarfi mafi girma na farko da mafi ƙanƙanta na ƙarshe.

Ƙarfin damƙa ba na ƴan wasa kaɗai ba ne. Wani babban bincike da aka buga a 2015, na mutane kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya nuna duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa a tsawon shekarun da aka bi su. Likitocin tsofaffi a Turai suna ɗaukar ƙasa da kilo 27 ga namiji, ƙasa da 16 ga mace, a matsayin alamar raunin tsoka.

An ce wani asid ne ke taruwa a damtse, shi ke sa tsamin jiki kwana biyu. Haka ne?

Rabin maganar tsohon zance ne. Gaskiya ne in aiki ya yi tsanani laktat, sinadarin da ake nufi da wannan asid ɗin, yana ƙaruwa a jini. Mutum yana hutawa wajen milimol 1 ne a lita, ana kuma auna shi da ɗigon jini daga kunne ko yatsa, kamar awon sukari. Tun zamanin A. V. Hill na Ingila da Otto Meyerhof na Jamus, waɗanda suka raba kyautar Nobel ta 1922 a kan aikin tsoka, aka daɗe ana ɗora masa laifin gajiya. Daga baya aka gane laktat abinci ne, zuciya da sauran tsokoki suna ƙona shi, hanta tana mayar da shi sukari, kuma cikin awa ɗaya ko makamancin haka bayan an tsaya ya koma yadda yake.

Abin da ke rage ƙarfi ana cikin aiki ya fi haka yawa: fosfat da ke taruwa in an cinye kuɗin aljihun nan, fotasiyom da ke fita daga cikin tsoka, raguwar kalsiyom da ke ba ta umarnin damƙewa, da kuma ita kanta ƙwaƙwalwa da ke rage saƙon da take aikawa.

Tsamin da ke zuwa washegari, ya fi tsanani tsakanin awa 24 da 72, daga ƴan ƙananan raunuka ne a zaren tsoka da kumburin da ke biyo baya. Ya fi zuwa daga saukar da nauyi, lokacin da tsoka ke miƙewa tana riƙe da kaya, ya kuma fi kama sabon shiga. In ka sake irin aikin bayan mako ɗaya ko biyu, tsamin ba ya kai na farko.

Na ga ana manna wa mutum wayoyi a damtse. Me suke aunawa?

Wutar lantarkin da tsoka ke fitarwa in jijiya ta ba ta umarni, awon da ake kira EMG. In mutum ya riƙe nauyi matsakaici yana gajiya, abu biyu ke bayyana a allo. Girman alamar yana ƙaruwa, saboda ƙwaƙwalwa tana kiran ƙarin zaren tsoka su taya waɗanda suka gaji. Saurin karkarwar alamar kuma yana raguwa, saboda saƙon yana tafiya a hankali a jikin zaren da ya gaji. Amfaninsa shi ne yana nuna wace tsoka ce ta fara sarewa, wani lokaci kana zargin damtse ashe kafaɗa ce.

Akwai wata na'urar kuma, NIRS, da ke haska tsoka da wani haske da ido ba ya gani, ta auna yawan oksijin da ya rage a jinin wurin. Kitse mai kauri a ƙarƙashin fata yana rage ingancin awonta, baƙar fata ma tana shanye wani ɓangare na hasken, don haka duk wanda zai yi aiki da ita a kanmu sai ya kula da wannan.

Me ya sa riƙe bido a hannu, ko ban motsa ba, yake gajiyar da ni fiye da tura kura?

Domin tsokar da ta damƙe ba ta saki ba tana toshe wa kanta hanyar jini. A aikin da ake damƙa ana saki, kowane saki jini ne ke shiga. Wani masani a Jamus, Walter Rohmert, ya auna wannan wajen 1960: in ka riƙe rabin iyakar ƙarfinka, wajen minti ɗaya za ka jure, in kuma ka sauko ƙasa da kashi 15 cikin 100 za ka daɗe sosai. Sauya hannu da ajiye kaya na ƴan daƙiƙoƙi a hanya ba ragwanci ba ne.

Mu da ba mu da ko ɗaya daga cikin na'urorin nan fa?

Ɗan'uwa, agogo da littafi da biro sun isa su gaya maka abu mai yawa, in dai za ka riƙa rubutawa. Ga yadda muke yi a rumfarmu.

Muna ƙirga zubi. Nauyi ɗaya, hutu ɗaya, a ce minti biyu. Zubin farko ka ɗaga sau 12, na biyu 10, na uku 6. Daga 12 zuwa 6 rabi ya tafi, wannan shi ne awon gajiyarka a ranar. Ni a ganina, in adadin ya faɗi zuwa rabi, ko ka fara lanƙwasa baya kana wurga ƙarfen don ya hau, aikin wannan tsokar ya ƙare a ranar. Bayan wata ɗaya, in ka ga 12, 11, 10 da wannan nauyin, ka san juriya ta ƙaru ko da madubi bai nuna komai ba.

Muna ƙirga bugun zuciya. Yatsa biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. A yi da an ajiye ƙarfe, a sake bayan minti ɗaya. Yadda yake saurin sauka yana nuna yadda jiki ke murmurewa. Lissafin nan na cire shekarunka daga 220 don sanin iyakar bugun zuciyarka a minti kimantawa ce kawai, kuma a aikin hannu mutum yakan sare kafin ya kai wannan adadin.

Muna tambayar jiki. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Borg, ya tsara ma'aunin jin wahala daga 6 zuwa 20, da wani daga 0 zuwa 10. Na biyun muke amfani da shi, kuma nakan ce a ba ni lamba biyu, ɗaya ta hannu, ɗaya ta numfashi. Sau da yawa yaro zai ce hannu 9, numfashi 4. Jiki magayi, amma sai an saurare shi an rubuta abin da ya faɗa.

Don damƙa kuma, abin awon hawan jini na hannu, irin wanda ake hurawa, yana aiki. A naɗe shi, a hura har allura ta kai 20, mutum ya matsa, a karanta inda ta tsaya. Ba zai ba ka kilo ba, amma zai ba ka bambancin kafin aiki da bayan aiki, in dai abu ɗaya ake amfani da shi kullum.

Agogon da ke nuna kalori fa, a yarda da shi?

Ko a tafiya da gudu kimantawa ce kawai. A aikin hannu kada ka dogara da shi. Yana karanta bugun zuciya ne da haske a wuyan hannu, damƙa da lanƙwasa suna rikita karatun, sannan lissafinsa bai san cewa bugun zuciya a aikin hannu yana hawa fiye da kuzarin da aka kashe ba.

Malam, ni daka nake yi safe da yamma. Shi ma motsa jiki ne?

Yaya, motsa jiki ne na gaske, kuma da wuya a samu aikin hannu da ya fi shi tsari. Ɗaga taɓarya aikin kafaɗa da baya ne, saukar da ita da ƙarfi aikin ƙirji da ciki da bayan damtse ne. Sussuka da surfe da ribɗi ba nauyinsu ɗaya ba, ke kin fi ni sani. In kina son awo, ki ƙirga bugu nawa kike yi a minti na farko, ki sake ƙirgawa a minti na goma, ki kuma lura ko taɓaryar tana kai tsayin da take kaiwa da farko. Irin zanen Mosso ke nan, a turmi. Lugude kuma yana rage wa kowace mace yawan bugu a minti, shi ya sa mata biyu ko uku a turmi ɗaya suke daɗewa ba su sare ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Mai daka kullum ta cika kason hannu. Abin da zan ce ki kula da shi shi ne ciwon da ke tsayawa wuri ɗaya a kafaɗa ko gwiwar hannu, ko yatsu su riƙa mutuwa da dare. Wannan ya wuce gajiya, a je asibiti.

Ni da hannu nake tuƙa kekena tun ina yaro. Yanzu kafaɗa ta fara damuna. Me awo zai yi mini?

Baba, kai hannunka shi ne ƙafarka, don haka maganarka ta fi ta kowa nauyi a nan. Keken da kake juya fedarsa da hannu ya fi kujerar da ake tura ƙafafunta da tafi sauƙin kuzari, an auna an gani, domin juyin ba ya yankewa kuma ana turawa ana ja. Amma gaɓar kafaɗa ba a halicce ta don ɗaukar mutum shekara 40 ba, ciwonta ya zama ruwan dare ga masu keke.

Ka zaɓi hanya ɗaya da ka saba bi, a ce daga gida zuwa masallacin Juma'a, a riƙa duba minti nawa take ci, da bugun zuciya in ka isa, da lambar wahala daga 0 zuwa 10. In lambobin sun hau alhali hanyar ba ta sauya ba, a fara duba keken kafin a zargi jiki: iskar taya, man sarƙa, tsayin fedar. In fedar tana sa hannu ya wuce tsayin kafaɗa a kowane juyi, mai walda zai iya sauke ta. Yashin unguwanninmu ma yana ninka aikin. A ƙara da motsin ja, kamar jan robar taya da aka ɗaure a ƙofa zuwa ƙirji, don tsokokin bayan kafaɗa su daidaita da na gaba.

Wanda nasa ciwon daga rauni a laka ne, musamman can sama kusa da wuya, bugun zuciyarsa ba ya hawa yadda ya kamata, gumi ma ba ya fita sosai, don haka shi ya dogara da lambar wahala, ya kuma guji rana.

Minti nawa ya kamata in huta tsakanin zubi?

Fosfokiriyatin yana dawo da rabinsa cikin wajen daƙiƙa 30, yana kusan cika cikin minti 3 zuwa 5. Mai neman tsantsar ƙarfi ya huta minti 3 ko fiye. Ɗan kokowa da ke shirin shiga filin Langa-Langa yana buƙatar duka biyun, ƙarfin sunkuta da juriyar riƙo, don haka wasu ranaku ya gajarta hutun da gangan, ya rubuta yadda damƙarsa ke raguwa. Tsokar da aka wahalar sosai a ba ta kwana biyu kafin a koma mata.

Wasu suna shan tramol kafin su ɗaga, suna cewa yana hana gajiya.

Ba ya hana ta, ji yake kashewa. Fosfat yana nan yana taruwa, zaren tsoka yana nan yana yagewa, ƙarfi yana nan yana raguwa, sai dai mai shan ba ya jin ƙararrawar. Na taɓa sa wani yaro da na san ya sha ya matsa abin awon jini kafin aiki da bayan aiki. Da bakinsa ya ce wahalar 3 ce, allura kuwa ta nuna ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ya daɗe yana kallon allurar bai ce komai ba. Ƙwayar dangin maganin ciwo ce mai kama mutum, yawanta yana jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi, ka kuma yi tunanin farfaɗiya ta kama mutum ƙarfe yana saman ƙirjinsa. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Ina roƙon manyan kowace rumfa, don Allah, kada ku miƙa ƙarfe ga wanda kuka ga alamar ya sha.

Wace alama ce ke nuna abin ya wuce gajiya?

Gajiya ta gari tana sauka cikin mintuna, tsami yana wucewa cikin kwanaki. In kuwa bayan aiki mai tsanani damtse ya kumbura ya yi tauri, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, fitsari ya koma kalar shayi mai kauri, to tsoka ce ta farfashe abin cikinta ya shiga jini, kuma yana iya lalata ƙoda. Wannan na asibiti ne a ranar, ba na jiƙo ko tausa ba. Ya fi samun sabon shiga da aka sa ya yi gasa da tsofaffin hannu, ya fi kuma zuwa a bazara, watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40. Mai amosanin jini, har da wanda ke ɗauke da rabinsa kawai, ya ƙara taka tsantsan da zafi da ƙishirwa.

Ciwon ƙirji, ko nauyi da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, ko ganin duhu, a ajiye ƙarfe nan take a nemi likita. Kada a riƙe numfashi ana turawa, yana harba awon jini sama ƙwarai, a fitar da iska lokacin ɗagawa.

Ga ruwa kuma, sikeli ya isa. Ka hau kafin aiki, ka hau bayan aiki da kaya iri ɗaya, kowane kilo da ya tafi wajen lita ɗaya ce ta gumi. In ka rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinka, wato kilo ɗaya da ɗigo huɗu ga mai kilo 70, ka yi ƙarancin sha. Da azumi mukan mayar da ɗaga ƙarfe bayan an sha ruwa ko bayan asham, mu rage nauyin, mu kuma buɗe sabon shafi a littafin, domin lambobin watan ba a gwada su da na sauran watanni.